Amsar Maigida Kan Motar da Ke Tafiya da Iska

Habu, ajiye sifanar nan ka zauna mu gama da tambayarka tunda aiki ya lafa. Ka ce ka ga wata 'yar mota a waya, ƙirar Faransa, wadda ba ta shan fetur, iska kawai ake ɗura mata kamar taya. Kana son sanin ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne me ya hana mu haɗa irinta a garejin nan, tunda ga kwamfaresa muna da ita, fetur kuma ya gagari talaka.

Gaskiya ne, motar tana nan kuma tana tafiya. Injin da ka saba kwancewa ba ruwansa da sunan abin da aka zuba masa. Abin da fistin yake so kawai a samu abin da zai danna shi ƙasa da ƙarfi. A injin fetur wuta ce ke kama cakuɗen mai da iska, iskar ta yi zafi ta kumbura ta tura fistin, shi kuma ya juya karanshaf. To in ka zo da iskar da aka riga aka matse a tukunya ka sakar masa ita a ka, ita ma tura shi za ta yi. Ba fulogi, ba kafireta, ba hayaƙi a salansa. Bindigar kwance notin taya da muke jona wa tiyo ai ƙaramin injin iska ce, kullum tana hannunka.

Abin da nake so ka riƙa tambaya duk lokacin da aka nuna maka irin wannan shi ne: wa ya matse iskar, kuma da me? Fetur da ƙarfinsa ake haƙo shi daga ƙasa, mu dai ƙona shi muke yi mu karɓa. Iskar da muke shaƙa kyauta ce, amma a sake take, ba ta tura komai. Sai an sa wani inji ya yi gumi ya cusa ta cikin tukunya kafin ta yi ƙarfi, injin nan kuwa lantarki yake ci ko mai. Tukunyar iska adashe ce. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, ba riba, kuma uwar adashe sai ta cire nata. A wannan harkar uwar adashen ita ce zafi, kuma kasonta ba kaɗan ba ne.

Tashi ka kunna kwamfaresar can. Bar ta ta ɗan yi aiki, sannan ka kai bayan hannunka kusa da bututun jan ƙarfen da ya fito daga kan injin ya shiga tanki. Kusa na ce, kada ka taɓa, saɓule maka fata zai yi. Ka ji hucin? Ba wuta a ciki, ba abin da ke ƙonewa, matsa ce kawai. Dubi kan silindar, an yi masa zara-zaran ƙarfe kewaye da shi, fulin da bel ke ja kuma an ƙera shi kamar fanka don ya riƙa hura masa iska. Duk wannan dabarar zubar da zafi ce. Zafin nan kuwa kuɗinmu ne, wutar da muka biya ce take fita ta bi sararin gareji. Wannan zafin matsa shi ne ma dalilin da injin dizal ba ya buƙatar fulogi: fistin yana matse iska ninki goma sha shida ko fiye, ta yi zafin da ya haura digiri 500, da an feso mai sai ya kama da kansa.

Yanzu kashe ta ka duba geji, ka riƙe inda allurar ta tsaya. In muka dawo daga sallar la'asar ka sake dubawa, za ka ga ta ɗan sauko, alhali ba inda ke yoyo. Iskar ce ta huce, da ta huce kuma ƙarfinta ya ragu. Ba ka ma fara aiki da ita ba an riga an yanke maka wani kaso.

Wajen fitowa kuma abin ya juya. Ka taɓa lura in ka daɗe kana aiki da bindigar iska, iskar da ke fita ta gindinta sanyi ƙalau, har ƙarfen ya yi maka sanyi a tafin hannu? Iskar da ke buɗewa tana tura abu, sanyi take yi. A matsin da muke aiki da shi abin bai kai ya dame mu ba. Amma iskar da ta fito daga tukunyar da aka matse sosai, in aka sake ta lokaci guda, sanyinta ya wuce na firiza nesa ba kusa ba. Iska kuma ba ta rabuwa da laima. Kai ne kake buɗe noti a gindin tankinmu kana tsiyaye ruwan nan mai tsatsa, ka san yawansa, musamman da damina. Wannan ruwan a injin iska ƙanƙara yake zama, ya toshe bawul, ya toshe bututu. Man da ke shafe fistin ya daskare. Kuma iska mai sanyi ƙanƙancewa take yi, turawarta ta ragu tun fistin bai kai ƙasa ba. Shi ya sa injin iska na ƙwarai ba ya sakin iskar gaba ɗaya. Sai ya sake ta kaɗan a silinda ta farko, ya bi da ita ta wani abu mai kama da lagireto ta ɗebi ɗumin waje, sannan ta shiga silinda ta biyu, haka mataki-mataki. Zafin da aka zubar a kwamfaresa shi ake ta neman maidowa a kan hanya, kuma ba ya dawowa duka.

Wannan matsalar tsohuwa ce, kamar yadda dabarar kanta tsohuwa ce. Tun 1879 akwai taragon ɗaukar fasinja na cikin gari da ke tafiya da iska a birnin Nantes na Faransa, ƙirar wani injiniya Louis Mékarski, kuma sun yi sama da shekara talatin suna aiki. Dabarar mutumin nan ta burge ni. Ya ajiye tukunyar tafasasshen ruwa a gaban tarago, iskar sai ta ratsa ta cikin ruwan ta ɗumama ta kwashi tururi kafin ta isa fistin. Da an kai tasha a sake cika iska, a sake zafafa ruwa. Abin ya yi aiki saboda tarago a kan dogo yake, hanyarsa ɗaya ce, gajeriya, tashar ɗura iska na jiransa a ƙarshenta. Duk da haka da lantarki ya samu gindin zama, wajen 1913, sai aka fara maye gurbinsu da masu jan wuta ta waya. A ramukan haƙar ma'adinai kuwa kan jirgi mai iska ya daɗe, kamfanin H. K. Porter na Pittsburgh a Amurka ya ƙera su da yawa. Can dalilin a fili yake. A ramin kwal akwai gas da tartsatsi ɗaya zai tashi da kowa, hayaƙi kuma shaƙe mutane zai yi. Injin iska ba ya tartsatsi, abin da yake fitarwa ma iskar shaƙa ce. A irin wannan wuri ko ya ci kuɗi an ci riba, don rai ake saye.

To mu zo ga lissafi, don a nan maganar take karyewa. Matsin iska da bar ake auna shi. Tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai take ɗauka, wato 30 zuwa 35 ɗin da mai faci yake karanta maka a ɗaya layin gejin. Kwamfaresarmu tana yankewa a bar 8. Tankinta lita 100 ne. In ta cika maƙil, duk ƙarfin da ke cikinta bai wuce wanda ke cikin cokalin shayi ɗaya na fetur ba. Cokali ɗaya, Habu. Shi ya sa kake kwance noti biyar ko shida sai ka ji ta sake tashi.

Motocin da ka gani kuwa bar 300 ake yi musu, wasu ma sama da haka. Ka ɗauki tukunya mai lita 300, wato ta fi duro girma, ka matse ta zuwa bar 300. Iskar da ka cusa ciki, ita kaɗai ban da nauyin tukunya, ta kusa kilo 100. Duk da haka ƙarfin da ke ciki, a lissafin takarda inda ba a asarar komai, kusan na lita ɗaya da rabi ne na fetur. Zan yi wa iska adalci a nan: injin fetur mabarnaci ne, kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ya sha ta lagireto da salansa yake fita a matsayin zafi. Saboda haka da injin iska zai ba da duk abin da ke tukunyar, da ya yi aikin lita biyar ko shida. Amma ba ya bayarwa, saboda sanyin da na gaya maka, da kuma wani abu: tankin fetur ko saura kofi ɗaya mota da ƙarfinta take ja, tukunyar iska kuwa tana raguwa matsinta na sauka, na ƙarshe-ƙarshen ba ya iya komai. In aka samu rabi an yi ƙoƙari. Ka ga kenan an ɗora wa mota abin da ya fi duro, don a samu tafiyar lita biyu ko uku.

Wannan ne ya sa duk motar iskar da za a nuna maka 'yar mitsitsiya ce, jikinta ba ƙarfe ba, mara nauyi, gudunta na cikin unguwa. Wadda ka gani ina kyautata zaton AirPod ce, ta kamfanin MDI. Wanda ya kafa shi, Guy Nègre, ba ɗan koyo ba ne, ya yi aikin injunan motocin tsere kafin ya kafa kamfanin a 1991, masana'antarsa tana Carros kusa da birnin Nice. AirPod ko sitiyari ba ta da shi, da wani ɗan maɗauki ake sarrafa ta da hannu ɗaya, an ma gwada ta a filin jirgin sama na Schiphol a Holan. A 2007 kamfanin Tata na Indiya, masu manyan motocin nan da ka sani, suka sayi izinin amfani da injin. Duniya ta ɗauka an gama, kowa na jiran motar talaka mai shan iska. A 2012 Tata suka ce sun kammala matakin farko na gwaji. Har yau ba su fito da ita kasuwa ba. Nègre ya rasu a 2016 bai ga motarsa ta cika titi ba. Ka lura kuma, cikin ƙirar da MDI ta tsara don doguwar tafiya akwai wadda aka sa wa ɗan murhu mai ƙona mai don ya ɗumama iskar kafin ta shiga inji. Tukunyar ruwan zafin Mékarski ce ta dawo da sabon kaya.

Za ka ji ana cewa kamfanonin mai ne suka danne abin. Ni ban yarda ba, kuma ba don ina ganin su waliyyai ba ne. Indiya sayo yawancin manta take yi daga waje da kuɗi masu ciwo, da motar ta yi abin da aka ce za ta yi ba mai hana Tata sayar da ita. Masana a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun zauna sun yi lissafin a 2009, suka samu cewa ko an ba wa motar iska kowane rangwame, motar batir ta fi ta amfana da wutar da aka ba ta. Batirin lithium yana maido maka kusan kashi tara cikin goma na abin da ka zuba masa. Iska ba ta kama ƙafar wannan ba.

Na san abin da ke bakinka, don duk yaron da ya zauna a bencin nan sai ya faɗe shi: a jona kwamfaresa da taya ko da karanshaf, mota na tafiya tana cika tukunyarta da kanta. Ba zai yi ba. Kwamfaresar da ka jona birki ce a jikin injin. Ƙarfin da take ja ya fi wanda take maidowa tukunya, bambancin shi ne hucin da ka ji a bututu. Motar za ta tsaya da wuri fiye da in ba ka jona komai ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Inda tunaninka yake da gaskiya wuri ɗaya ne, lokacin taka birki. Ƙarfin da mota ta tara a guje, maimakon ya ƙone a faifan birki, ana iya tare shi a adana. Kamfanin Peugeot Citroën ya nuna irin wannan a 2013 tare da Bosch, suka kira shi Hybrid Air. Injin fetur ne a gaba kamar kullum, a ƙarƙashin motar kuma doguwar tukunya mai iskar nitrogen. Da direba ya taka birki sai famfo ya tura man haidurolik ya matse iskar, da ya tashi tafiya iskar ta maido man ya taimaka wajen ja. Abin da take adanawa na 'yar gajeriyar tafiya ne, amma a cunkoson gari, tsaya-tafi tsaya-tafi, yana rage shan mai sosai. Wannan a ganina ita ce dabara mafi hankali da aka yi da iska a mota, kuma na ji takaicin da aka jingine ta bayan shekara biyu don ba su samu abokin zuba jari ba.

Sai ka kawo maganar gida. A ce ga motar a ƙofar garejin nan. Da me za mu cika ta? Kwamfaresar bar 300 daban take da tamu, hawa uku ko huɗu take matsawa tana sanyaya iskar a tsakani, ga matatar ruwa, ga matatar ƙura, ka kuwa san ƙurar hunturu a nan. Awanni take ɗauka tana jan wuta. In babu wuta sai janareta, ka ga mun ƙona mai mun yi lantarki, mun ƙona lantarki mun matse iska, iskar ta ba mu rabi. Da man nan kai tsaye muka zuba wa Keke Napep da ya kai mu nesa ninki-ba-ninki. In ka ce sola, to wutar solar a zuba ta a batir ta fi auki. Abu ɗaya da zafin ƙasarmu zai taimaka shi ne ɗumama iskar a hanya, kuma sanyin da ke fita ta salansa ana iya juyo shi cikin mota ya zama iyakwandishan kyauta. A watan Afrilu wannan ba abin rainawa ba ne, amma ba ya cike giɓin.

Kada kuma ka haɗa wannan da CNG, wato iskar gas ɗin nan da ake ta juya motoci zuwa gare shi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Tukunyar CNG ma matsattsiya ce, bar 200, amma abin da ke ciki mai ne, ƙonewa yake yi a silinda da fulogi kamar fetur. An matse shi ne kawai don ya samu wurin zama, ƙarfinsa na cikin wutar. Wannan aikin ka buɗe ido ka koye shi da kyau, don shi ne yake shigo mana gareji yanzu.

Kuma tunda maganar tukunya ta zo, saurare ni da kunnen basira. Ban yarda ko da wasa ka ɗauki tukunyar gas ɗin girki, ko ta kashe gobara, ko tankin tsohuwar firij, ka kai wa mai walda ya liƙa mata baki ka ce za ka matse iska a ciki ba. Tukunyar bar 200 ta ƙarfe ba ta da ɗinki ko ɗaya, daga curi guda ake ƙera ta. Ta bar 300 da ake sa wa motocin iska da zaren carbon ake naɗe ta. Kowacce da ranar gwajinta a buge a wuyanta. Kuma da ruwa ake gwada su, ba da iska ba, don ruwa ba ya matsuwa, in tukunya ta tsage sai dai ya tsarto ya zube. Iska kuwa in ta samu kafa gaba ɗaya take fita da ɓaraguzan ƙarfe. A 2024 a birnin Benin na jihar Edo wata mota ta tarwatse a wurin ɗura CNG, mutane suka ji munanan raunuka, aka bincika aka tarar tukunyar haɗin walda ce. Tayar tirela ma, da bar 8 kacal, in ta fashe a kan mai faci tana iya kashe shi. Bar 300 kusan ninki arba'in ne na wannan.

Ban ce iska ba ta da gidanta a sana'ar nan ba. Birkin tirela da ita yake aiki, kuma dubi hikimar da aka yi: iskar ce take riƙe da sifirin na birkin baya a matse, in tiyo ya fashe iska ta gudu, sifirin ya saki ya kame tayoyi. Manyan injunan jirgin ruwa da iska ake tayar da su, ana tura ta kai tsaye cikin silinda har su kama. A Huntorf ta Jamus tun 1978 suke matse iska cikin manyan ramukan gishiri a ƙarƙashin ƙasa lokacin da wuta ta yi yawa, su sake ta ta juya inji lokacin buƙata, su ma sai sun ƙona gas sun ɗumama ta. Duk inda ka ga iska ta yi nasara, ko dai aikin na ɗan lokaci ne mai son ƙarfi nan take, ko tukunyar a zaune take wuri ɗaya ba mai ɗaukarta, ko kwamfaresar na kusa.

In kana son ka gani da idonka, na ba ka izini, amma da tankinmu da bar 8 ɗinmu, ba ƙari. Akwai mataccen ƙaramin janareta a bayan shago, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Irinsa ya fi sauƙi, don kowane juyi yana da bugu, kuma ƙofar fitar hayaƙinsa a jikin silinda take, fistin na sauka zai buɗe ta da kansa. Cire kafireta da tankin mai ka ajiye su nesa. Cire fulogi, ka fasa farar tangaran ɗin tsoho ka bar zarensa, a nan za ka ɗaura bakin tiyo. Abin da zai ba ka wuya shi ne lokaci: iskar ta shiga daidai lokacin da fistin ya ɗan gota sama, ta yanke kafin ya kai rabin hanya. Nemi ƙaramin bawul mai dannawa, ka ɗaura ɗan tudu a jikin fulawil da zai riƙa taɓa shi, ka yi ta matsar da tudun har ka ji injin ya daidaita. Ɗiga masa baƙin mai ta ramin fulogi da ta bakin kafireta kafin kowane gwaji, tunda man da yake samu a cikin fetur yanzu babu. Ɗaure shi da kyau a kan benci, ka sa tabarau.

Idan ya tashi, kashe kwamfaresa, ka sa agogon waya, ka rubuta daƙiƙa nawa ya yi daga bar 8 har ya tsaya. Sannan ka kunna ta ka rubuta minti nawa ta ɗauka kafin ta maido tankin. Gwaji na biyu ka nannaɗe wani sashe na bututun jan ƙarfe cikin bokitin ruwan zafi kafin iskar ta isa inji, ka sake aunawa. Kawo mini lambobin uku a takarda mu duba tare.